Fitilar da Aka Rufe a Motar Baffa

Masu bibiyar labarin nan, ku gafarce ni da shirun mako biyu. Wasunku sun rubuto suna tambaya ko an sa rana, wasu kuma ba su tsaya tambaya ba, sun taya ni murna har da zaɓar mini launin anko. Na gode wa kowane ɓangare. Sai dai ku ajiye murnar a gefe tukuna, ku ji yadda ranar Asabar ɗin ta kasance.

Ga wanda yau ne farkon shigowarsa, sunana Yusra, shekaruna ashirin da shida, gidanmu yana Pantami. Aikina binciken cutar injin mota da na'ura, a garejin Oga Livinus da ke Herwagana, inda na shekara huɗu. A dangin mahaifina ba a ambaton wannan aiki da sunansa. Idan baƙo ya tambaya, sai a ce, "Tana harkar kwamfuta." Ba ƙarya aka yi ba, an dai bar motar a waje ne.

Amir kuwa dillalin motoci ne. A garejin muka haɗu, ranar da ya kawo wata mota mai shan mai kamar an huda tankinta. Cikin duk waɗanda suka taɓa sallama da ni, shi kaɗai ne bai tambaye ni yaushe zan daina aiki ba. Injiniyata yake kirana, a baki da a waya. Saboda haka na so shi, kuma ba zan yaudare ku ba, har yanzu da nake wannan rubutu ban isa in ce na daina ba.

Kwana uku kafin ranar, Umma ta hana ni zuwa gareji. Safe da yamma tana jiƙa hannuwana a ruwan ɗumi da lemon tsami, tana bin ƙarƙashin farcena da tsinken ashana kamar mai neman abin da ya ɓata.

"Wannan baƙin ba zai fita ba, Umma."

"Zai fita ko ya ɓuya. Me aka yi lalle dominsa?"

Aka kira mai lalle ranar Juma'a, ta zana mini ja da baƙi har gwiwar hannu, ƙafafu kuma har idon sawu. Ranar Asabar aka sa mini leshi ruwan ƙwai, da mayafi fari mai duwatsu a gefe, aka turara ni har idona ya yi ruwa. Sa'an nan Umma ta karanta mini dokar ranar. Zan zauna a ɗaki. Ba zan leƙa taga ba. Iyayen Amir za su zo bayan la'asar, za su zauna da Baffa a zaure, su yanke magana su tafi, ba tare da sun ji ko tarina ba. Na tambaye ta amfanin leshin, tun da babu mai ganinsa. Ta ce amfaninsa shi ne ya hana ni motsi.

Baffa Jibrilla ƙanen marigayi mahaifina ne, shi ne waliyyina. Gidansa yana Kagarawal, shanunsa suna wata ruga ta hanyar Dukku, kuma rabin rayuwarsa a kan wannan hanya yake yin ta. Mako biyar da suka wuce ya sayi mota a hannun Amir, doguwa mai ruwan toka, irin wadda ke iya shiga jeji. Bai taɓa kawo mini ita in duba ba, kuma dalilansa biyu ne. Na farko, bai yarda 'yar ɗan'uwansa bakanikiya ce ba. Na biyu ya fi nauyi: abin da ya fito daga hannun wanda zai zama surukinka ba a bincikarsa. Kai shi gareji tamkar zargi ne, kuma Baffa ya gwammace ya tura mota da hannu daga Dukku zuwa Gombe da a ce ya zargi suruki.

Kakata Dada, mahaifiyarsa, ita ta fara isowa, a keke mai ƙafa uku. Umma ta tarbe ta tana mamaki.

"Dada, ɗanki da mota sabuwa, ke a keke?"

"Na hau ta sau ɗaya, ya ishe ni," in ji Dada, tana neman wurin jingine sandarta. "Motar nan numfashinta ba shi da kyau. Ina mai baƙin farce? Iye, yau an shafe ta kamar ƙwarya. Zo in gani ko ke ce."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta juya hannuna sama da ƙasa, ta ce aikin ya yi kyau, saura a samo mini sabon hali.

Bayan azahar kaɗan muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Muka jira sallama, shiru. Can sai muka ji wani sauti da ba ya kama da sallama. Na karya doka ta biyu, na leƙa taga. Baffa ne dafe da ƙofar motarsa, cikin babbar rigarsa ta shadda fara, ya sunkuya a bakin kwata yana amai.

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Idanunsa sun yi ja, yana riƙe da kansa da hannu biyu.

"Rana ce," in ji shi. "Rana ce kawai."

"Rana a cikin mota mai sanyi?" Dada ta ce. Ta juyo wurin Umma. "Duk ranar da ya dawo daga ruga haka yake kwanciya. An kai shi an auna jini, an ce lafiya lau. An yi masa tofi, an ba shi jiƙo. Ya hana kowa faɗa. Ni kuwa na haife shi, bai isa ya hana ni ba."

"Baffa, gilashi a rufe kake tafiya?" na tambaya daga bakin ƙofa.

"Wa ya fito da wannan?" in ji Baffa.

"Yusra, ɗaki!" in ji Umma.

Na yi biyayya, na shiga ɗaki. Na jawo jakata daga ƙarƙashin gado, wadda na'urar gwaji take ciki da ƙananan sukuddireba, na fito. Ba a ce mini kada in dawo ba.

"Baffa, makulli."

"Ba za ki taɓa ta ba. Yau? Mutanen nan suna hanya, a tarar ana binciken motar da ɗansu ya sayar mini? Da wane ido zan dube su?"

"Da wannan jan idon," in ji Dada. Ta zura hannu a aljihun rigarsa kamar na yaron goye, ta zaro makullin ta jefo mini.

Abu na farko da Oga Livinus ya koya mini ba ya bukatar na'ura. Idan ka murɗa makulli rabi, kafin inji ya tashi, duk fitilun gaban sitiyari suna kamawa tare, su nuna maka cewa suna raye. Na murɗa. Ta mai ta kama, ta batir ta kama, ta birki ta kama. Wurin fitilar inji, wadda aikinta shi ne ta yi ƙara idan wani abu ya lalace a hanyar hayaƙi, duhu ne. Motar da fitilarta ta kama tana da ciwo. Wadda fitilarta ta ƙi kamawa ko a gaisuwar farko, wani ne ya toshe mata baki.

Na jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari, na tayar da inji. Ƙorafin yana nan a rubuce, ya daɗe yana jiran mai karanta shi.

Bari in yi muku bayani a taƙaice, domin waɗanda iyayensu suka yi sa'ar 'ya'ya masu sana'ar kirki. A tsakiyar bututun salansa akwai wata tukunyar ƙarfe, a cikinta akwai wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma. Makanikai suna kiransa indomi. Shi ne ke ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. Akwai ƙarfe mai daraja a jikinsa, shi ya sa wasu ke yanke tukunyar, su kwashe shi su sayar, su mayar da fankon su yi walda. Kamfanin mota ya san halin mutane, sai ya sa sensa biyu masu auna hayaƙi, ɗaya kafin tukunyar, ɗaya bayanta. Ta gaba kullum cikin tsalle take, sama da ƙasa, domin ɗanyen hayaƙi take shaƙa. Ta baya kuwa, idan tukunyar tana aikinta, a kwance take, layinta a miƙe.

Na jira inji ya yi zafi, ina kallon allon na'urar. Layi biyu suna tsalle tare, babu wanda ya bar wani, kamar 'yan mata biyu a filin biki. Abin da ya shiga tukunyar shi ne ya fito.

Na kashe, na kwance sukurori huɗu, na zaro allon fitilun. A bayan gilashin, daidai kan fitilar inji, an manna baƙin tef, an yanke shi da kyau, gefe da gefe daidai. Wanda ya yi aikin yana da tsabta. Na ɓare shi na manna a bayan hannuna, a kan furen lalle, na mayar da allon.

Sa'an nan na ɗauki waya, na rubuta wa Amir.

"Wa ya yanke salansar motar Baffa?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. A karo na uku ne saƙon ya iso, da hoton zuciya biyu a ƙarshensa.

"Injiniyata, yau ma aiki?"

"Tambaya na yi."

"Kowa a layinmu haka yake yi. Mota tana tafiya lafiya ba tare da shi ba, kin fi ni sani."

"Tef ɗin fa?"

"Don kada hankalin tsoho ya tashi a banza."

"Tsohon yana kwance a zaure yana amai."

Wannan karon amsar ba ta jinkirta ba.

"Subhanallahi. Wallahi ban san zai kai haka ba. Ki bari a gama na yau. Gobe da kaina zan zo in ɗauke ta, a gyara, babu wanda zai ji. Don Allah kada ki yi magana gaban Alhaji. Kin san halinsa. Idan ya ji, zai tashi ne, kuma ba zai sake zama ba."

Alhaji Jalo yayan mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya ba shi filin da yake jera motoci, kuma shi ke jagorantar masu zuwa neman aurena. Na san halinsa, ko da yake a labari ne.

Ku da kuke karatu a inuwa, na san abin da da yawanku za su ce. Ya roƙe ki, ya yi alkawari, ki rufa masa asiri na yini ɗaya. Na yi wannan tunanin kafin ku. Na zauna a kujerar direba, leshina yana manne da bayana saboda gumi, na ji maganarsa tana da hankali ƙwarai. Sai na rubuta masa kalma biyu.

"Motoci nawa?"

Ya karanta. Alamar ta nuna ya karanta. Bai ko fara rubutu ba.

Oga Livinus yana yawan ce mini, da Hausarsa ta haifaffen Herwagana, "Yusra, na'ura zargi take yi. Sai kin sa hannu kin taɓa, sannan ki buɗe baki." Kuma fankon tukunya kaɗai ba ya kwantar da direba, domin hayaƙin ta baya yake fita. Dole akwai inda yake bi ya shiga ciki. Na cire mayafi na rataye a madubi, na shimfiɗa kwali a ƙasa.

"Yusra!" Muryar Umma ce daga bayan ƙyaure, ƙasa-ƙasa, irin wadda ta fi ihu zafi. "Leshin nan! Lallen nan! Kina so ki kashe ni?"

"Minti biyar, Umma."

"Maƙwabta suna kallo."

"Su matso, za su ƙaru."

Na shige ƙarƙashi. Na ƙwanƙwasa tukunyar da bayan sukuddireba, ta amsa kamar gwangwanin madara da aka shanye. Na haska fitilar waya. Ga waldar nan ta zagaye ta, mummuna, tudu da kwari, kuma ta sama, inda hannun mai walda bai kai ba, an bar tsaga mai tsawon yatsa. Baƙin toka ya zana hanya daga tsagar zuwa ƙasan motar, ya nufi wani rami da robar toshe shi ta faɗi, daidai ƙarƙashin kujerar direba.

Na fito na tayar da inji, na nannaɗe tsumma.

"Dada, zo ki danna mini wannan a bakin salansa. Da sandarki, kada ki ƙone."

"Yau kuma ni ce yaron mota?" Amma ta zo, har da gyara zane.

Na koma ƙasa, na kai hannuna kusa da tsagar. Dada ta danna. Hayaƙin da ya rasa hanyar baya ya feso ta tsagar da huci, ya doki tafin hannuna da zafi, ya bi ta ramin ya hau. Sa'a biyu Baffa yake yi a hanya, gilashi a rufe, yana shan wannan a matsayin iska mai sanyi.

Ina nan kwance na ji wata mota ta tsaya a bayanmu. Ƙofofi suka buɗe. Daga inda nake, takalma kawai nake gani: sau ciki baƙi mai sheƙi, da wasu biyu na fata. Su kuma abin da suke gani ƙafafu biyu ne masu lalle, sun leƙo daga ƙarƙashin mota, da tsohuwa tana cusa wa salansa tsumma da sanda.

"Salamu alaikum," in ji mai baƙin takalmi.

"Wa alaikumus salam," in ji Dada. "Ku yi haƙuri, amarya tana ƙasa."

Na fito. Babu wata hanyar fitowa daga ƙarƙashin mota da mutunci, na bincika shekara huɗu ban samu ba. Na kashe inji, na ja mayafina na rufa, na durƙusa na gaishe su ina kallon ƙasa. Gaban leshin ya zama abin da ya zama.

Baffa ya riga ya taso, yana dafa bango, yana murmushin da ya fi kuka ban tausayi.

"Alhaji, sannunku da zuwa. Bisimilla, ku shigo. Yarinya ce da wasa."

Alhaji Jalo bai motsa ba. Dogo ne, siriri, da farin gemu kaɗan da tabarau.

"Malam Jibrilla, motar ce ta ba da matsala?"

"Ko kaɗan. Lafiyarta ƙalau. Ban taɓa hawa mai daɗinta ba."

"Idonka fa?"

"Rana ce."

Alhaji ya juyo gare ni. Ba a tambayar yarinya a irin wannan rana, amma ba a kuma samunta a ƙarƙashin mota, don haka dokokin sun riga sun zube.

"'Yata, me kika gani?"

Ta tsagar ƙyaure ina hango idon Umma guda ɗaya. Baffa yana girgiza mini kai a hankali. Wayata tana cikin tafin hannuna, shiru. Da na ce babu komai, da yanzu kuna ɗinka anko.

"Alhaji, an yanke tukunyar tace hayaƙi an kwashe cikinta. Waldar da aka mayar ba ta kama ba, hayaƙi yana shiga wurin direba. Shi ne ciwon kan Baffa, ba rana ba. Motar ta yi ƙoƙarin faɗa, amma an rufe fitilarta da wannan."

Na miƙa bayan hannuna. Ya sunkuyo, ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban ɗan baƙin tef ɗin a tsakiyar furen lalle.

"Daga can ƙasar waje ta zo haka?"

Ƙofa ce ya buɗe mini, kuma na ga ya san ya buɗe ta. Kalma ɗaya ta isa.

"A'a, Alhaji. Waldar sabuwa ce, ko tsatsa ba ta fara ba. A garin nan aka yi ta."

"Yusra, shiga gida," in ji Baffa. Ya juya wurin Alhaji. "Alhaji, ka yafe mana. Ban aike ta ba. Wallahi ban aike ta ba."

"Na sani," in ji Alhaji Jalo. "Da kai ne, da sai dai mu ji labari daga asibiti." Ya ɗaga mini hannu. "Dakata, 'yata."

Ɗaya daga cikin 'yan rakiyar ya riga ya koma gefe da waya a kunne, yana magana da hannu a baki. Alhaji ya sa hannu a aljihu, ya fito da makulli, ya nuna baƙar motar da suka zo da ita.

"Wata uku ke nan da Amir ya kawo mini waccan. A cikinta ake kai jikokina makaranta kowace safiya."

Ya miƙo. Kafin in karɓa, wayata ta yi motsi. Na duba, domin ban iya hana kaina ba.

"An ce kina gaban Alhaji. Yusra, idan kika taɓa motarsa, babu ni babu ke. Na rantse."

Babu Injiniyata. Babu hoton zuciya. Na karanta sau biyu. Na miƙa wa Dada wayar.

"Riƙe mini."

"Me ya ce?"

"Gaisuwa ce."

Na karɓi makullin da hannu biyu, kamar yadda aka koya mini karɓar abu daga babba. Na buɗe baƙar motar. Ciki yana ƙamshin turare, a kujerar baya ga huhun goro da katan ɗin alewa na sa ranata, ba a sauke ba, a gefensu kuma wata 'yar gorar ruwa ta yara mai hoton zomo. Na zauna. Alhaji Jalo ya zo ya tsaya a bakin taga, Baffa a bayansa, unguwar Pantami kuma a bayan Baffa.

Na yi bisimilla, na murɗa makulli rabi.

Ta mai ta kama. Ta batir ta kama. Ta birki ta kama.

Na jira ta inji ta kama, ko da yake ba abin jira ba ne. Sa'an nan na cire mayafina na rataye a madubi, na leƙo ta taga.

"Dada, kawo tsumman da sandarki."